Shekarar da Na Sayar da Keken Ɗinkina

A bikin auren jikata na bara, ina zaune a bayan rumfa ina hutar da ƙafafuna, sai na ji Tabita tana ba 'ya'yanta labari wai babanku ne ya tilasta mini na sayar da keken ɗinkina don a gyara masa mota. Ban tanka ba, don rana ce ta farin ciki. Amma maganar ta zauna mini a rai, domin na gane ashe haka ku duka huɗun kuka ɗauka tun kuna ƙanana, kuma mutumin da ake ɗora wa laifin yana wurin Ubangiji, ba shi da bakin kare kansa. Saboda haka wannan babi na shekarar nan ne ita kaɗai. Ku karanta shi a hankali, ku kuma karanta wa 'ya'yanku.

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira ce. Muna zaune a Kafanchan, a gidan haya mai ɗaki biyu da ke bayan makarantar firamare inda babanku, Malam Bitrus, yake koyarwa. Muna da tsohuwar akori-kura mai ruwan toka, wadda ya saya a hannun wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya. Sitiyarinta a dama yake, kuma tun da aka yi canjin hannu a kan titi irin waɗannan motoci suka faɗi, kayan gyaransu suka yi wuyar samu. Da ita yake kwaso mana masara da acca daga gonar gidansu a ƙauye, da ita kuma yake kai mawaƙan majami'a taro. Ni kuwa ɗinki nake yi a bakin ƙofa: rigunan makaranta, kayan matan zumuntar majami'a, faci, duk abin da aka kawo.

Ciwon idon babanku bai zo rana ɗaya ba. Da farko na lura yana kai littafi dab da hancinsa. Daga baya, a addu'ar safe, sai ya riƙa miƙo mini Littafi Mai Tsarki yana cewa muryata ta fi tasa daɗi. Da muka je asibiti likita ya ce ciwon ya daɗe a jikinsa, tun yana yaro a bakin rafi, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. A ƙarshen zangon karatu ya ajiye alli. Takardun sallamarsa suka tafi Kaduna, muka zauna jira. Motar ma kamar ta san halin da ake ciki. Da ma ta daɗe tana tari, in ta kama hawa sai ta shaƙe ta tsaya, sai an sauka an busa tanki da baki kafin ta yarda. Ranar da ya tuƙa ta na ƙarshe, turo ta aka yi zuwa gindin mangwaron ƙofar gida, kuma a nan ta zauna har kajin maƙwabta suka fara yin ƙwai a ƙarƙashin kujerarta.

Wata Asabar sai ga yayan babanku, Baba Istifanus, daga ƙauye. Mutum ne mai ƙaunar ƙanensa, kada ku yi zaton wani abu dabam. Ya zauna a kan benci, ya sha kunu, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi da irin Hausarsa ta gida.

"Bitrus, motan nan ya mutu. Akwai mutum daga Jos yana sayen ƙarfe, ka ba shi. Ku tattara yara ku dawo gida, ɗaki yana nan, gona yana nan. Gari ba na mai ciwon ido ba ne."

Babanku ya riƙa murza hularsa. Na san abin da komawa ƙauye yake nufi. Makarantar can a aji huɗu ta tsaya. Ɗanmu Luka yana aji shida a lokacin, ana sa masa ran sakandare, Tabita tana bin bayansa. Ni kuma akwai abin da na daɗe ina gani duk lokacin da muka je ƙauye: mata su noma citta, su tsaga ta, su shanya ta har bayansu ya ƙage, sannan dillali ya zo ƙofar gida ya saya yadda ya ga dama, don babu motar da za ta kai musu kasuwar Kachia. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Baba, in aka gyara motar, za ta iya kai cittar mata Kachia. Kuɗin dako zai riƙe mu."

Ya juyo ya dube ni. "To matan ƙanena, wa zai tuƙa? Mai ido biyu ma yana faɗa rami."

"Ni," na ce.

Ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi. Babanku bai yi dariya ba.

Ranar Litinin na je garejin Malam Haruna bakanike, can wajen tashar jirgi. Dattijo ne siriri, Bahaushe, haifaffen Kafanchan, ba ya son yawan magana. Bayan sallar azahar ya biyo ni gida da jakar sifanoninsa. Ya kori kajin, ya buɗe gaban motar, ya shiga ƙarƙashinta, ya zare wani tiyo ya tsiyaye abin da ke ciki a tafin hannunsa. Ja ne wur kamar ruwan kududdufi.

"Uwargida, injinta lafiya lau, zai kai wasu shekaru," in ji shi. "Hanyar abincinta ce ta lalace tun daga tushe. Tanki ya yi tsatsa, tsatsar ta bi tiyo ta cinye famfon mai, ta je ta toshe kafireta. In kin canja ɗaya kin bar saura, kin zubar da kuɗinki."

Na tambaye shi nawa. Ya ce in sababbi ne duka, har da tanki, sai na tanadi naira ɗari da ashirin, in ma an same su. Albashin babanku na wata biyu ke nan da ɗoriya, lokacin da yake da albashin. Da ya ga na jingina da mangwaro, sai ya ce akwai wata hanya. Ya ji labarin wata mota irin tamu da ta yi hatsari ana kwance ta a Mararrabar Rido, ana iya samun kafiretarta. Famfo kuwa dole sabo, a Kaduna. Tanki kuma ya ce a bar maganarsa tukuna. Ko a haka sai an taɓa naira saba'in. A gidan nan kaf, abu ɗaya ne ya kai wannan kuɗi.

Da yamma na gaya wa babanku abin da ke raina. Ga ainihin abin da ya ce, kuma ina so ku riƙe shi.

"Rifkatu, ban yarda ba. Keken nan shi ne tuwonmu yanzu. Mota tsohuwa ce, yau ki gyara nan gobe can ya ɓalle. In kika sayar da keke motar kuma ta ƙi, me za mu ba yara? Gara in koma ƙauye a yi mini dariya da in ga kin rasa sana'arki saboda ni."

Na ce na ji. Amma ban ji ba. Kwana uku ina addu'a ina jujjuya maganar, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na ji wata murya daga sama ba. Lissafi kawai na yi: ɗinki yana ciyar da mu, amma ba zai kai ko ɗayanku sakandare ba. Ranar Alhamis, da aka zo aka ja shi zuwa taron dattawan majami'a, na kwance kan keken na naɗe shi a zane na ɗora a ka, na sa aka bi ni da teburinsa, na kai wa matar wani direban jirgi da ta daɗe tana sha'awarsa. Keken da mahaifiyata ta sayar da akuyoyinta biyar ta saya mini ranar aurena. Ban juya na dube shi ba da zan fito daga gidan matar, don na san in na duba zan mayar mata da kuɗinta.

Tun da idonsa ya raunana, babanku ya saba in zai shiga ɗaki sai ya dafa teburin keken ya gane bakin ƙofa. Da ya dawo a ranar, ina tsaye ina kallo, ya miƙa hannu kamar kullum, hannun ya faɗa cikin iska. Ya yi taga-taga kamar zai faɗi. Ya tsaya a wurin, ya sake lalubawa, sannan ya sauke hannunsa a hankali. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya shige ɗaki, kuma daga wannan rana sai da ya kwana tara bai ce mini uffan ba. Yana cin abincina, yana addu'a da ku, amma ni kamar ba na gidan. A shekara arba'in da ɗaya da muka yi tare, waɗannan kwanaki ne mafi nauyi, kuma ni na jawo su. Na saɓa wa mijina a lokacin da yake jin duniya ta daina jin maganarsa. Ko yau in na tuna hannun nan a cikin iska sai na roƙi gafara.

Washegari Malam Haruna ya naɗe mini tsohuwar kafireta da tsohon famfo a takardar siminti, ya ce kada in karɓi abin da bai yi kama da su ba ko da a ƙusa ɗaya. Ya koya mini yadda zan motsa ƙofar kafireta in ji ko tana lilo, da yadda zan toshe bakin famfo da yatsa in ji yana tsotsa. Na ɗaure kuɗin a ɗamara na hau babbar mota. Muka bi ta Kachia, muka wuce Kujama, ina zaune a kan buhun wani, ƙarafa a cinyata kamar jariri. A Mararrabar Rido na sauka na tambaya, aka nuna mini wurin. Mai kayan ya dube ni sama da ƙasa ya tambayi ina maigidan. Na ce ni ce. Ya fito da wata kafireta ya goge ta da tsumma tana ƙyalli. Na motsa ƙofarta, na ji tana kaɗawa.

"Wannan ta gaji," na ce. "Ta motar da ta yi hatsari nake so."

Ya sake dubana, a wannan karo da wani ido dabam. Ya shiga ciki ya fito da ita, baƙa ƙirin da dauɗa, amma ƙofarta daram. Muka yi ciniki har rana ta karkata. Na kwana a Kaduna wurin wata 'yar zumunta, da safe na sayi famfo da tiyo da matatar mai. Abin da ya rage a ɗamarata kuɗin motar komawa ne cif, ko ƙosai ban saya a hanya ba.

Da na baje kayan a gaban Malam Haruna, ya ɗauki kafiretar ya jujjuya ta, ya gyaɗa kai. Sai na ce masa gaskiya: babu kuɗin tanki, babu kuma ladan aikinsa.

"Tanki hannu yake so, ba kuɗi ba," in ji shi. "Kina da hannu?"

Ya sauke tankin ya kawo tsakar gida. Ya sa na zuba tsakuwa da kananzir a ciki, na toshe bakin, na yi ta girgizawa. In na tsiyaye sai ya fito ja, in sake zubawa. Kwana uku ina wannan aiki, kafaɗuna kamar za su cire, fatar hannuna ta yi ta saɓulewa. Ku kuna dawowa daga makaranta kuna toshe hanci. A rana ta uku kananzir ya fito fari. Ya wanke tankin da ruwa da sabulu, ya shanya shi ya bushe sarai, sannan ya liƙe ƙananan hujojin da dalma. Wajen ɗaura kayan kuma bai bar ni na koma kicin ba. Ya sa na tsuguna kusa da shi, ya kwance kafiretar gunduwa-gunduwa a kan faranti, ya nuna mini ɗan ramin da mai ke bi, siriri kamar kafar allura.

"In ta tsaya miki a daji, ba ni a wurin. Nan za ki fara dubawa. Ki busa da baki, kada ki soka waya."

Na sake tayar da maganar ladansa, na ce ko a hankali ne zan kawo. Ya ɗaure fuska kamar na zage shi.

"Uwargida, 'yata Hajara tana aikin jinya a Zariya. Lokacin da na so in cire ta daga aji uku, Malam Bitrus sau huɗu yana zuwa garejina, yana zama a kan taya, har na gaji na bar ta. Kada ki sake yi mini maganar lada."

Ban taɓa sanin wannan labari ba sai ranar. Babanku ba ya faɗin irin waɗannan abubuwa.

Ran nan da hantsi aka zuba galan ɗaya na fetur. Malam Haruna ya ce ni zan tayar da ita. Na zauna a kujerar direba karo na farko a rayuwata, na murɗa makulli. Ta yi gurnani ta yi shiru. Na sake. A karo na uku ta kama, ta yi wata irin jijjiga, hayaƙi ya turnuƙe gindin mangwaro, ni kuma don tsoron kada ta mutu na danne totur har ƙasa. Sai na ji murya daga bakin ƙofa.

"Rifkatu! Ɗaga ƙafarki, za ki shaƙe ta!"

Babanku ne, yana tsaye ya dafa bango. Maganarsa ta farko gare ni ke nan a kwana tara. Ya lalubo ya zo ya ɗora tafin hannunsa a jikin motar, ya karkata kai yana saurare.

"Malam Haruna, iska ta yi mata yawa kaɗan."

Malam Haruna ya sa sukundireba ya ɗan murɗa, ƙarar ta kwanta lumui. "Kunnenka ya fi na yarana duka, Malam," in ji shi. Ni kuwa ina riƙe da sitiyari hawaye suna zuba, ban ma san na me ba ne.

Shi ya koya mini tuƙi. Kowace yamma bayan an tashi makaranta sai mu shiga filin ƙwallo, yana zaune a gefena, ba ya ganin komai sai inuwa, amma yana jin komai. "Tana kuka, ba ta giya ta biyu." "Kin saki kuloci da garaje, sake." Na taɓa kayar da turken gola ɗaya, sai da muka je muka ba hedimasta haƙuri. Mutane suna taruwa a bakin fili suna kallo, kuma a nan maganar ta samo asali. Aka riƙa cewa Malam ya sayar da keken matarsa ya mai da ita direbansa. Ya ji, bai taɓa musantawa ba. Da na ce zan tashi a taron zumunta in faɗi gaskiya, sai ya hana ni, wai gara a zage shi da a ce matarsa ba ta jin maganar miji. Kun ga inda kuka samo labarinku.

Abin bai zo da arha ba. Kirsimetin shekarar nan babu wanda ya sa sabon kaya a gidanmu, 'ya'yan tela guda. Tabita ta yi kuka ta ƙi zuwa sujada. Wata uku muna cin tuwo da miyar karkashi ba nama. Baba Istifanus ya yi fushi ya ɗauke ƙafa. Masu kawo mini ɗinki suka koma wurin wasu, kuma ko da hali ya samu daga baya ban koma ɗinki ba, hannuna ya riga ya saba da wani abu. Motar ta yi mana shekara bakwai tana zirga-zirga tsakanin ƙauyuka da Kachia. A bayanta aka ɗauko kuɗin sakandarenku ku huɗu. Sau da yawa ta tsaya mini a hanya, in sauka in ɗaura zane in busa ɗan ramin nan, direbobin manyan motoci suna rage gudu suna kallo. Malam Haruna ya rasu kafin Luka ya gama jami'a. Na je gaisuwa na zauna da matansa kwana uku. In kun haɗu da wani daga zuriyarsa, ku san cewa ɗan'uwanku ne.

Tafiyata ta farko da kaya bayan Istar da ta biyo wannan Kirsimetin ce, mako guda da samun lasin. Ruwan farko ya sauka a daren da ya gabata, ƙurar hanya ta kwanta. Muka je ƙauye da sassafe, mata shida suka loda busasshiyar cittar da suka ɓoye wa dillalai. Muna shirin tashi sai ga matar Baba Istifanus da buhu biyu, ta ce in sa a ƙasa kada kowa ya gani. A Kachia na tsaya a gaban masu awo, na ja birki, na sauko daga kujerar direba, 'yan kasuwa suka juyo suna kallona. Matan suka sayar da cittarsu da kansu, kusan ninkin abin da ake ba su a gida. Wata tsohuwa a cikinsu ta ƙirga kuɗinta sau biyu, ta kama hannuna mai warin fetur ta riƙe.

Da muka sauke su a ƙauye muka kamo hanyar gida mu biyu, la'asar ta yi sanyi. Babanku ya jingina kansa tun daga Zonkwa, har na zaci barci yake yi. Can sai ya ce:

"Mun kusa inda ake hango dutsen Kagoro ko?"

Na ce mun kusa.

"In mun kai ki tsaya."

Na gangara gefen hanya na kashe mota. Ya sauke gilashi, ya juya fuskarsa wajen gabas.

"Gaya mini."

Na gaya masa. Na ce ruwa ya wanke dutsen, ya fito shuɗi-shuɗi, rana ta bugi gefe ɗaya ya yi ja. Na ce akwai farin girgije zaune a kansa, ga hayaƙin wani gida yana tashi a gindinsa, ga mutane can suna gyaran gona. Yana ta gyaɗa kai, yana cewa, "I, haka yake. Haka yake." Da na gama sai ya lalubo hannuna a kan giya, ya shafa inda fatar ta saɓule ta warke.

"Na yi zaton na gama fita duniya, Rifkatu," in ji shi. "Na gode da ba ki ji maganata ba."

Sannan ya gyara hularsa ya ce, "To, direba, tayar da ita. Yara suna jiran tuwo."